Daga Mugunya Zuwa Ƙurar Sama: Tarihin Neman Tubalan Rayuwa

A wannan makon za mu bi sawun wata tambaya da masana sinadarai suka fi shekara ɗari da hamsin suna kokawa da ita, kuma har yau ba su kayar da ita ba: ta yaya abubuwa marasa rai irin su ruwa da iska da gishiri suka haɗu har aka samu abin da ke ci, yana girma, yana haifar irinsa? Tambaya ce ta ɗakin gwaji, wato da me aka yi ginin, kuma wane tubali ne ya riga wane. A wannan iyakar za mu tsaya.

Mu fara da shekarar 1953, domin a cikinta aka buga wasu gajerun takardu biyu, kwana ashirin kacal tsakaninsu. Ta farko ta fito ranar 25 ga Afrilu a mujallar Nature ta Landan, da sunayen James Watson da Francis Crick, tana bayyana siffar DNA. Ta biyu ta fito ranar 15 ga Mayu a mujallar Science ta Amurka, da sunan wani ɗalibi ɗan shekara 23, Stanley Miller, wanda ya kunna tartsatsin lantarki cikin kwalbar iska ya samu tubalan da ake gina furotin da su. Wanda ya karanta su biyun a lokacin zai ɗauka saura ƙiris magana ta ƙare. Shekara saba'in ta wuce, ramin da ke tsakanin takardun nan biyu ake ta ƙoƙarin cikewa. Amma kafin mu leƙa ramin, sai mun san mene ne DNA ɗin, kuma labarinsa bai fara daga Watson da Crick ba, duk da cewa haka yawancinmu muka ji shi a aji.

Daga bandejin asibiti ya fara. A 1868 wani matashin likita ɗan garin Basel na ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, ya tafi Tubingen ta Jamus don ya yi aiki a ƙarƙashin Felix Hoppe-Seyler. Zazzaɓi ya taɓa masa ji tun yana ɗalibi, shi ya sa ya ga duba marasa lafiya ba zai yi masa ba, ya karkata ga bincike. Ɗakin gwajin da ya samu tsohon ɗakin girki ne na wata tsohuwar fada da ke kan tudu. Burinsa ya san sinadaran da ke cikin sel, wato ƙananan ɗakunan nan da jikin kowane mai rai ya ginu da su, waɗanda ba sa ganuwa sai da madubin likita. Fararen ƙwayoyin jini yake buƙata da yawa, kuma babu inda suke taruwa kamar cikin mugunya. Sai ya riƙa karɓo bandejin da aka cire wa masu miki a asibitin tiyata na garin, ya wanke mugunyar da ruwan wani gishiri, ya ware ƙwayoyin.

A farkon 1869 ya ci karo da wani abu da ke fitowa daga ƙwallon da ke tsakiyar sel. In ya zuba masa asid sai ya kwanta a ƙasan kwalba, in ya zuba sinadari mai ɗabi'ar kanwa sai ya narke. Ya gwada shi da ruwan tumbin alade, wanda ke narkar da furotin, abin bai ko gezau ba. Ga shi kuma ɗauke da fosfaros mai yawa, wanda ba a san furotin da shi haka ba. Miescher ya raɗa masa suna nukilin, daga kalmar Latin da ke nufin ƙwallon cikin ɗan itace. Malaminsa bai yarda nan take ba. Ya riƙe takardar har sai da ya maimaita gwajin da hannunsa, yaƙin Faransa da Jamus kuma ya shigo a 1870, don haka ba a buga ta ba sai 1871. Takenta kuwa bai wuce bayani a kan sinadaran ƙwayoyin mugunya ba. Mu da muke kwana muna neman kan labari mun san irin wannan take ba ya tsayar da mai wucewa.

Da ya koma Basel sai ya bar mugunya ya koma kan kifin salmon da ke hawo kogin Rhine don hayayyafa, domin maniyyin kifin cike yake da nukilin. Abin yana lalacewa da ɗumi, saboda haka tun asuba yake fara aiki a ɗakin da ba a hura wuta, a tsakiyar hunturun Turai. A 1892 ya rubuta wa kawunsa, masanin jiki Wilhelm His, wata wasiƙa da ya kamata ta ja hankalin duk mai sana'ar alƙalami. A ciki ya ce mai yiwuwa gadon halitta yana ajiye ne a cikin manyan sinadarai, ta hanyar sassauya jerin ƙananan sassansu, kamar yadda haruffa ashirin da 'yan kai ke isa a rubuta dukkan kalmomin harshe. Ya hango hanyar, sai dai bai tsayar da cewa nukilin ɗinsa ne ke ɗauke da rubutun ba. Tarin fuka ya kashe shi a 1895, yana da shekara 51.

Abin da ya biyo baya za mu bi shi da sauri. A 1889 Richard Altmann ya sauya wa abin suna zuwa nukilik asid. Albrecht Kossel ya ware sassan nan guda biyar da muke kira haruffa a yau, adenin da guwanin da sayitosin da tayimin da yurasil, wato A, G, C, T da U, ya kuma samu kyautar Nobel a 1910. Phoebus Levene na Cibiyar Rockefeller ta New York ya gano sukarin da ke riƙe da haruffan: ribos a cikin RNA, da ɗan uwansa mai ƙarancin oksijin guda a cikin DNA. Levene gwani ne, amma ya yi wani hasashe da ya dakushe fagen shekaru da dama. Ya ɗauka haruffan DNA huɗu suna maimaita kansu ne a jeri ɗaya, daidai wa daida, har ƙarshe. Littafin da kowane shafinsa kalma ɗaya ce ake nanatawa ba zai ɗauki labari ba, don haka masana suka mayar da hankali kan furotin, mai tubala iri ashirin, suka bar DNA a matsayin katakon da aka jingina gini da shi.

Wanda ya rushe wannan zato dattijo ne mai shekara 66, Oswald Avery, a cibiya ɗaya da Levene. Tun 1928 Frederick Griffith ya nuna a Ingila cewa matattun bakteriyar ciwon huhu masu kisa suna iya miƙa wa rayayyu marasa illa halinsu na kisa, har 'ya'yansu su gada. A 1944 Avery da Colin MacLeod da Maclyn McCarty suka tace abin da ake miƙawar, suka tarar DNA ne. Sun rubuta sakamakon cikin taka-tsantsan, wasu manyan masana kuma suka dage cewa ɗan ragowar furotin ne ya maƙale a ciki. Avery ya rasu a 1955 ba tare da Nobel ba, kuma a ganinmu wannan yana cikin manyan kurakuran masu ba da kyautar. A 1950 Erwin Chargaff ya nuna cewa yawan haruffan ya bambanta daga wata halitta zuwa wata, amma kullum A daidai take da T, G kuma daidai da C.

Wannan daidaiton shi Watson da Crick suka fassara a Kambirij. DNA igiya biyu ce da aka tufka, kowace A a igiya ɗaya tana riƙe da T a ɗayar, kowace G tana riƙe da C. In aka warware tufkar, kowace igiya ta isa ta zama ma'aunin da za a sake saƙa abokiyarta. Nan sirrin gado yake. Ba su kai ga wannan da gwajin kansu ba. Sun dogara da awon da Rosalind Franklin ta yi a King's College ta Landan, har da shahararren hoton nan mai lamba 51 da ɗalibinta Raymond Gosling ya ɗauka a watan Mayun 1952, wanda Maurice Wilkins ya nuna wa Watson ba da saninta ba. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37, sanadin ciwon daji, aka raba Nobel ta 1962 tsakanin mazan uku. Don mu ji nauyin harafi ɗaya, mu tuna da sikila, wadda saboda ita ake gwajin jini kafin aure a garuruwanmu: A guda ɗaya ce ta koma T a cikin rubutun da ya kai haruffa biliyan uku.

To, an ga rubutun. Saura tambayar daga ina tawadar ta fito, kuma wannan reshen labarin tarihinsa daban ne. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, wannan dai yuriyar da manomanmu suka sani a buhun taki, alhali a da an ɗauka sai jikin mai rai ke iya yin ta. Wajen 1860 Louis Pasteur ya nuna da kwalabensa masu lanƙwasasshen wuya cewa romon da aka tafasa ba ya haifar da ƙwayoyin cuta da kansa, daga waje suke shigowa. Wannan ya kashe tsohon zaton cewa mai rai yana iya tsirowa da kansa daga abu marar rai, amma ya ƙara tsananta tambayar: in kowane mai rai daga mai rai ya fito, na farkon fa? A 1871, shekarar da aka buga takardar Miescher, Charles Darwin ya rubuta wa abokinsa Joseph Hooker yana hasashen wani ɗan kududdufi mai ɗumi, mai gishirin amoniya da na fosfaros, ga haske ga zafi, inda furotin zai iya haɗuwa. Alexander Oparin a Rasha a 1924, da J.B.S. Haldane a Birtaniya a 1929, kowa da kansa, suka ce duniyar farko ba ta da oksijin a iskarta, don haka sinadarai za su iya taruwa a teku har ya yi kauri kamar romo. Duk hasashe ne a takarda.

A 1951 Harold Urey, wanda ya riga ya ci Nobel tun 1934, ya yi lacca a Jami'ar Chicago a kan iskar duniyar farko, ya ce ya kamata wani ya gwada abin a kwalba. Miller yana cikin masu sauraro. Da ya zo neman izini a 1952, Urey ya yi ƙoƙarin hana shi, don yana tsoron kada ɗalibi ya ɓata shekarunsa a kan gwajin da ba zai ba da komai ba, daga baya ya yarda a gwada na ɗan lokaci. Kayan aikin ba su da wani yawa. Kwalba ɗaya ta ruwa da ake tafasawa, ita ce teku. Wata babba a sama mai iskar metan da amoniya da haidurojin, ita ce sararin sama. Wayoyi biyu masu tartsatsi su ne walƙiya, sai bututun sanyaya tururi ya dawo da shi ƙasa a matsayin ruwan sama. Bayan kwana ɗaya ruwan ya fara sauya launi, kafin mako ya cika ya yi ja ya gurɓace. Da Miller ya tace sai ya samu amino asid, tubalan furotin: uku ya tabbatar da su, ciki har da gilaisin da alanin, biyu kuma alamarsu ba ta yi ƙarfi ba. Urey ya ƙi a sa sunansa a takardar, domin ya san in sunansa ya hau, babu wanda zai tuna da ɗalibin. Mai neman halin malamin kirki don labarinsa, ga shi nan a tarihi.

Jaridu sun yi ta kururuwa kamar an ƙera rai a kwalba, alhali tubali aka samu, kuma tara tubali a fili bai zama gida ba. Daga baya ma masana duwatsu suka karkata ga cewa iskar duniyar farko ta fi yawan kabon dayoksaid da naitirojin, kuma a irin wannan haɗin amfanin da ake samu ya ragu sosai. Duk da haka gwajin bai mutu ba. Bayan rasuwar Miller a 2007, tsohon ɗalibinsa Jeffrey Bada ya bincika wasu ƙananan kwalabe da Miller ya adana tun shekarun 1950. Da aka auna su da na'urorin zamani a 2008, sai aka samu amino asid iri 22 a ragowar wani gwaji da ya kwaikwayi aman wutar dutse.

Amma fa kwalbar Miller furotin ta yi wa hidima, haruffan DNA ba su fito a cikinta ba. Wanda ya fara samo ɗaya shi ne Joan Oró, ɗan mai gidan burodi daga yankin Kataloniya na Sifen, yana aiki a Jami'ar Houston. A 1960 da 1961 ya buga cewa in aka ɗumama sayanayid da amoniya a ruwa, adenin na fitowa. Lissafin ma abin mamaki ne: ƙwayar adenin ɗaya daidai take da ƙwayoyin sayanayid biyar a haɗe. Wato harafin A, wanda babu mai rai da ba ya ɗauke da shi, ana iya samunsa daga gubar da ke kashe mutum cikin mintoci.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. DNA ba ya iya kwafar kansa sai da taimakon furotin, furotin kuma ba ya ginuwa sai da umarnin da ke rubuce a DNA. Tsohuwar gardamar kaza da ƙwai ke nan. A ƙarshen shekarun 1960 Carl Woese da Crick da Leslie Orgel suka ce wataƙila RNA, wanda ake ɗauka ɗan aike ne kawai tsakanin DNA da furotin, shi ne ya taɓa yin aikin biyun shi kaɗai. Hujja ta zo a 1982, lokacin da Thomas Cech a Colorado ya tarar da wani RNA a jikin wata ƙaramar halittar kududdufi yana yanke kansa yana kuma ɗinke kansa, babu furotin a kusa. A 1983 Sidney Altman na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka samu wani RNA da ke yanka wasu. Su biyun sun raba Nobel a 1989, Walter Gilbert kuma ya riga ya raɗa wa ra'ayin suna duniyar RNA a 1986. Hujjar da ta fi gamsar da mu ta zo a 2000, da aka ga cikin ribosom, injin da ke ƙera furotin a kowane sel, aka tarar wurin da ake ɗaura tubali da tubali RNA ne zalla. Tsohon ma'aikacin yana nan yana aiki a jikinmu yanzu haka.

Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin yanzu dole a nuna yadda RNA ɗin ya samu. Kowane tubalinsa sassa uku ne, sukari da harafi da fosfet. Tun 1861 Alexander Butlerov ya nuna ana iya samun sukari daga fomaldihaid, amma ribos ɗan kaɗan ne a cikin tarkacen da ke fitowa, kuma saurin lalacewa gare shi. Ko an samu ribos ɗin da harafin C ko U daban-daban, sun ƙi haɗuwa. Kusan shekara arba'in ana buga kai da wannan bango. A 2009 John Sutherland da Matthew Powner da Béatrice Gerland a Jami'ar Manchester suka zagaye shi: maimakon su gama sukari daban, harafi daban, sannan su ɗaura, sai suka fara gina wani ƙaramin sinadari wanda rabinsa sukari ne rabinsa harafi, fosfet na daidaita aikin tun daga farko, hasken rana mai ƙuna kuma ya share gurɓatattun. Suka samu tubalan C da U cikakku. Orgel, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan matsala, ya rasu a 2007, shekara biyu kafin a buga. A 2019 ƙungiyar Thomas Carell a Munich ta nuna wata hanya da ke kaiwa ga haruffan RNA huɗu, ta amfani da jiƙewa da bushewa, irin na tafkin da ke cika da damina ya ƙafe da rani.

Masu suka suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Robert Shapiro na Jami'ar New York ya daɗe yana cewa a irin waɗannan gwaje-gwaje hannun masanin ne ke yin rabin aikin. Kamar miya ce: mai girki ta san lokacin zuba manja, da lokacin zuba daddawa, da lokacin rage wuta, to a duniyar farko wa ke tsaye a bakin murhun? Wasu kuma, irin su Günter Wächtershäuser da Michael Russell, sun ce ba daga haruffa aka fara ba sam, daga zagayen sinadarai masu samar da ƙarfi aka fara, a kan ma'adinai ko a maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku, irin waɗanda aka fara gani a 1977 kusa da tsibiran Galapagos. Mu dai muna ganin ɓangaren RNA ya fi yawan abin nunawa a kwalba, amma har yau babu ɗakin gwajin da ya tashi daga sinadarai marasa rai ya ƙare da abu mai haifar kansa. Duniya ta kai shekara biliyan 4.5, kuma duwatsun Pilbara na Ostireliya suna ɗauke da alamun rai na kimanin shekara biliyan 3.5, don haka duk abin da ya faru, kafin nan ya faru.

Shaida ta baya-bayan nan daga sama ta faɗo. Ranar 28 ga Satumba 1969 wani dutse ya tarwatse a kan garin Murchison na Ostireliya, aka samu amino asid a cikinsa, a 2019 kuma aka samu ribos. Masu shakka suna iya cewa ƙasar da ya faɗa ce ta gurɓata shi, shi ya sa aka aika kumbo ya ɗebo da kansa. Na Japan, Hayabusa2, ya dawo a Disambar 2020 da giram 5.4 na ƙurar dutsen Ryugu, a 2023 aka sanar da samun yurasil a ciki. Na Amurka, OSIRIS-REx, ya jefo akwatinsa a hamadar Utah ranar 24 ga Satumba 2023, ɗauke da giram 121.6 daga dutsen Bennu. A Janairun 2025 aka bayyana cewa ƙurar tana da 14 daga cikin amino asid 20 da furotin ke amfani da su, da dukkan haruffan nan biyar da Kossel ya ware. Haruffan a warwatse suke, ba a jere a igiya ba. Hukumar NASA ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ƙurar za a ajiye shi a cibiyarta ta Houston, domin masu bincike na gaba da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.